Kifin Aro a Bakin Bututu

Jama'a, ranar Juma'ar nan gayan shinkafa na ci, kuma Masu Girma nake yi wa godiya.

A gidana da ke unguwar Sharafiyya, nan ƙasar Larabawa, Juma'a ba ta cika sai da sayadiyya, shinkafar nan da ake dafawa da kifi. Uwargida Zakiya ta ɗora albasa, ni kuwa na nufi bakin teku wurin maƙwabcina Ubale, wanda da ƙugiya ya aurar da 'ya'yansa. Na tarar da bokitinsa wayam.

"Wallahi ya Abu Muath, kifi ya yi ƙaura," in ji shi, yana nuna mini wani ƙaton bututu na kamfanin tace ruwa. "Su tace ruwan teku su ba ku na sha, dagwalon gishirin da ɗuminsa su juyo mana nan. Ko kaguwa ta tattara iƙamarta, takardar zamanta, ta yi gaba. Halas, shi ke nan!"

Ruwa dai ba ya tsami banza. Ni ma da ruwan famfon nan nake alwala, ban ce a rufe ba. Amma a kai bakin bututun can cikin zurfi mana! An yi alkawarin haka tun gemun Ubale yana baƙi.

Muna cikin haka sai ga jerin motoci masu sanyi. Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle ya sauko, turarensa ya riga shi isowa, ya zo shaida wa duniya cewa teku lafiya lau. Hadimansa suka buɗe akwatin ƙanƙara, suka zaro wani najil, jan kifi mai tsawon hannuna, suka ɗora wa Ubale.

"Yalla ya ammi, maza baffa, ɗaga sama, yi murmushi!" in ji mai ɗaukar hoto.

Ni ma aka jawo ni gefe don hoton ya cika. Aka tafa, aka karɓe kifin, aka mayar akwati, wai akwai wata gaɓar da za a duba. Kun ga tattali! Kifi ɗaya ya wadatar da teku guda. Ubale bai yi dariya ba, naɗe zarensa ya yi yana tambayata ko ana neman mai gadi a tashar jiragen ruwa. Abin ya sosa mini rai.

Kafin in isa gida hoton ya riga ni. Zakiya ta dire mini shinkafa, ta jingina wayarta a jikin faranti.

"Ga kifinku nan, Abu Muath. Ci a hankali, akwai ƙaya."

Allah ya ja zamanin Mai Girma. In za a sake zagayowa, a taimaka a bar mana ko da kan.