Nomau da wayar Inna

A ƙauyen Gidan Bagobiri akwai wani mutum, Nomau, yana zaune da tsohuwarsa Inna Kande da akuya ɗaya mai taurin kai. Nomau ba mugu ba ne, wallahi ni ina son shi, amma abin da ka gaya masa shi zai yi, ba ragi, sai dai ƙari. Ƙanwarsa Hansai tana aure can Jos da tsohon ciki, ta aiko da waya don Inna ta ji labari in ta sauka. Inna kuwa ko abinci ta daina ci sosai saboda zulumi.

Wata rana Nomau ya ji a majalisa ana cewa waya tana fitar da wani tururi da ke shiga jiki. Ya tafi wurin Malam Isiyaku, malamin asibiti.

"Gaskiya tana fitarwa," in ji Malam, "amma akwai iyakar da aka sa wa masu ƙera ta, ba sa wucewa. In kana son ƙarin kwanciyar hankali, ka riƙa nesanta ta da jikinka."

Nomau ya dawo gida, ya duba wanda ya fi nesanta kansa da mutane, ya ga akuya ce. Ya ɗaura mata wayar a wuya. Da Hansai ta kira, akuya ta ji kiɗa a ƙarƙashin haɓarta, ta tsallake danga, ta bi ta kan shanyar barkonon maƙwabta, Nomau na biye yana roƙonta ta ɗauka.

Wata rana kuma Malam ya ce masa, "Bar akuya ta huta. Kai dai kada ka daɗe da wayar a kunne." Hansai ta kira, Nomau ya ɗauka. Ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya Inna, ya damina. Kafin ta kai ga abin da ta kira ta faɗa, ya ga an daɗe, ya kashe.

"Me ta ce?" in ji Inna.

"Ta ce ba gajiya."

Inna ta juya baya ta share hawaye, abin ya ba ni tausayi. Ta karɓi wayar ta kira da kanta, amma sabis ɗin garin ya yi ta gutsura maganar har ta yanke.

Wata rana Malam ya gaji, ya ce, "Nomau, danna nan, murya za ta fito waje. Sai ka ɗaga ta nesa da kanka, ku yi ta hira."

Nomau ya koma gida, ya kira Hansai, ya danna wurin da Malam ya nuna, ya saka wayar cikin guga, ya jefa igiya kan reshen rimin ƙofar gida, ya ja har ƙoli. Mutane suka taru suna dariya. Ashe can sama sabis ya cika. Sai ga muryar Hansai tana saukowa tar, kowa na ji:

"Yaya, don Allah kada ka kashe. Na sauka tun shekaranjiya, mace ce, sunan Inna za a sa mata."

Can bayanta jaririya ta tsala kuka. Dariya ta ɗauke. Inna ta tsaya a gindin rimi, ta ɗaga kai, tana kuka tana murmushi.

"Nomau," ta ce, "riƙe igiyar nan da kyau, kada ka kayar mini da takwara."