Ranar da Baba Ya Narke a Bahon Wanki

"Ni ne zan haɗa aikin zamani da aikin da a takarda ɗaya, duniya ta zo kallo!" Haka maigidana ya faɗa yana bugun ƙirji, har ya kifar da shayinsa. Ni dai na goge tebur.

'Yar'uwa, mijin nan nawa Gwani yake kiran kansa, ba wanda ya raɗa masa. Babana ya ce in ya yi masa hoton da ya burge shi, zai ba shi shagonsa da ke rufe ya buɗe wurin zane. Tun ranar maƙwabta ba sa samun gaisuwa sai ɗaga gira.

Ya buga hoton Baba da firinta. Ya bi rigar da fentin ruwa, shuɗi. Sannan ya shafe farantin tagulla da kaki, ya kwafi fuskar da allura, ya tsoma a ruwan asid har ya ci layukan, ya cika su da tawada.

"Sai takarda ta jiƙa take ɗaukar tawadar faranti. Miƙo bahon wankinki. Ke ina kika san ilimi!"

Na miƙa masa cike da ruwa. Ya tsoma hoton. Shuɗin riga ya haura gemu, gemu ya gangaro ƙirji.

"Maigida, Baba na narkewa," na ce a hankali.

"Salo ne! Manyan masu zane kuka suke in sun ga irin wannan."

Ya shimfiɗa takardar a kan farantin, ya murza injin matsi har da nishi. Da ya ɗaga, ashe faranti juya hoto yake kamar madubi. Baban firinta na kallon dama, Baban tagulla na kallon hagu. Hanci biyu, ido huɗu, kowace hula ta kama gabanta.

Sai ga sallamar Baba. Na shige bayan labule.

Ya sa tabarau. Ya cire. Ya juya takardar ƙasa ta koma sama.

"Ɗana, wanne ne ni a ciki?"

"Duka kai ne, Baba. Wannan jiyanka, wannan gobenka."

"Ikon Allah. Ba ni shi, a ƙofar shagon zan rataye."

Gwani ya waiwayo labule yana washe baki. "Kin ji ko?"

Baba ya naɗe takardar ya cusa a hammata. "Kafin in samu ɗan haya, ba ɓarawon da zai matso."