Ranar da Injiniya Badamasi Ya Tsayar da Inji

Wani mutum ne a Funtuwa, Injiniya Badamasi, wanda in ya fara yabon kansa sai maroƙi ya nemi wata sana'a. Cewa yake ko inji ya kwana bakwai da mutuwa, da ya taɓa shi sai ya yi atishawa.

Ran nan injin ƙyanƙyasar Hajiya Kubura ya fara tsiya. Akwai wata 'yar kwamfuta a cikinsa, ba ta fi kwalin ashana ba, ita ke kunna hita ta kashe don zafi ya daidaita. To, sai ƙwaƙwalwarta ta riƙa cika da tarkace, ta rikice, ta mutu, ta sake tashi. Ga ƙwan zabi ɗari shida a ciki, jiya-jiya aka zuba, duk na matan ƙungiyarsu ne. Hajiya ta ce in ya gyara, injinan ƙungiyar gaba ɗaya shi zai riƙa dubawa. Ai kuwa Badamasi ya zo har da kwat, Rahila abokiyar aikinsa na tare da shi.

Mata suka kewaye shi. Ya jona waya daga injin zuwa tasa kwamfutar, ya buɗe manhajar da ke binciken ƙwaƙwalwa. Rubutu ya taho fuuu, ya ɗauke ɗif. Ya sake, haka. Zufa ta fara karyo wa gogan, amma baki bai mutu ba.

"Hajiya, wannan ƙaramin alhaki ne. Kwamfutar ce gudu take yi, shi ya sa manhajar ba ta ganin cikinta. Tsayar da ita zan yi cak, in duba ta kamar mai duba haƙoran akuya."

Rahila ta yi ƙasa da murya. "Injiniya, zare wayar hita tukuna. Yanzu a kunne take. In ka tsayar da kwamfutar, wa zai kashe ta?"

"Rahila, ni za ki koya wa aiki? Je ki samo mana ruwan sanyi."

Ta ce, "Allah ya ba da haƙuri," ta yi tafiyarta ofis.

Ƙyas! Ya danna. Kwamfuta ta tsaya, manhaja ta baje komai tiryan-tiryan. Daɗi ya kashe Badamasi. Ya shiga lacca, yana nuna lambobi da biro, mata na gyaɗa kai ba su san me yake cewa ba. Aka kira azahar, aka yi salla, ya share malmalar tuwo biyu, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Can wajen la'asar ya daka tsalle.

"Na kama ɓarawon! Ga layin rubutun da ke cinye ƙwaƙwalwar!"

Gaskiya kuma ya kama shi, wannan ba a ƙwace masa ba. Sai dai Hajiya Kubura hanci take ta shaƙa.

"Wai wa ya ɗora girki a nan?"

Ta buɗe injin. Tururi ya bugo ta, buuu! Badamasi ya leƙa, ido ya raina fata. Hajiya ta sa gefen mayafi ta ɗauko ƙwai ɗaya, ta ƙwanƙwasa a jikin kwamfutarsa, ƙwas, ta ɓare. Fari tas, ya dahu har gwaiduwa.

"Hajiya, a ilmance, abin da ya faru..."

Ta danƙa masa ƙwan a hannu, ta juya wajen matan.

"A kawo wa Injiniya yaji da tabarma. Saura ɗari biyar da casa'in da tara."