Rasuwar Dattijon Ɗakin Baya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin komai, ni Nevena Draganova, mai kantin maganin da ke kallon tashar bas, nake sanar da rasuwar Dattijo, injin kwamfutar da ya riƙe mana rumbun bayanai shekara goma sha wani abu. Ya cika ranar Talata da rana tsaka a ɗakin baya, tsakanin kwalayen auduga.

Ɗana Kaloyan ne ya haɗa shi da hannunsa kafin ya tafi Jamus. Tun daga nan, duk Lahadi sai ya bugo ya ji lafiyarsa. "Mama, fitilarsa koriya ce? Kin kaɗe masa ƙura?" In mun gama da Dattijo sai ya tambayi gwiwata, ni kuma in tambayi abin da ya ci. Ban taɓa yaudarar kaina ba, na san don wa ake bugowa. Ni dai nake ɗaukar wayar.

Marigayi mai riƙon amana ne. Ya san wanda ke shan maganin hawan jini a garin nan, ya san wanda ke karɓa ya jefa a aljihun tebur, bai taɓa tona asirin kowa ba. Da safe yakan ce "ƙit" sau ɗaya, sannan ya kama gurnaninsa har a tashi.

Ajalinsa ya zo cikin zafin bana. Kaloyan ya ce in bar masa taga da ƙofa a buɗe. Ran nan na tafi cire haƙori, na bar Todorka, abokiyar aikina tun muna da baƙin gashi. Ta leƙa ta ga labule na kaɗawa, hankalinta ya tashi. Ta rufe taga, ta rufe ƙofa, ta lulluɓe shi da mayafin ulun da ta saƙa wa kanta. Na dawo na tarar da ƙauri.

"Taga nan, ƙofa nan, shi a tsakiya, so kike iska ta ratsa shi?" in ji ta. "Ita fa ta karkatar wa mijina baki."

Ba na ganin laifinta. Kowa a garin nan haka zai yi wa wanda yake ƙauna.

Na kira Kaloyan na nuna masa gawar ta waya. Ya sa na kwance murfin, na zaro faifan ajiyar bayanansa, na jona shi da kwamfutar da ke kan kantar shago.

"Kada ki taɓa komai, Mama, ko tari kada ki yi." Can ya sauke numfashi. "Shi ne ya mutu. Fayilolin suna nan garau."

Ya kwashe su daga inda yake, ya tayar da sabon rumbu a injin haya na wani kamfani, ya nuna masa fayilolin. Sabon ya karanta, ya ɗora daga inda marigayi ya tsaya. Ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓace ba.

"Kin huta, Mama. Wannan ba ya son shara, ba ya son kowa ya duba shi."

Na ce madalla. Lahadi ta zo ta wuce, wayar na kan tebur, na yini ina jera kwalaben da suke a jere. Ban yi kuka ba. Ban ji komai ba ma.

Marigayi ya bar fayiloli cikin ƙoshin lafiya a wata ƙasa da ban sani ba, da firinta gurguwa, da Todorka da ta ƙi karɓar mayafinta, da ni.

Za a fitar da shi ranar Asabar bayan an rufe kanti, a kai shi wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa a bayan coci. Akwai dafaffiyar alkama da zuma ga wanda ya zo, kamar yadda muka saba a makoki. Kaloyan ya aiko saƙo cewa aiki ya yi masa yawa. Kada a kawo furanni. Amma in akwai wanda ya san wata 'yar matsala marar haɗari da za a iya jawo wa sabon injin, ko da sau ɗaya a mako ne, don Allah ya tsaya mu gana bayan mutane sun watse.