Kwalli a Gefen Jirgi

"Lafiya lau, sai dai na ga baƙuwa ta shigo mini gida da shaho a hammata."

Malam Barau ne ke amsa gaisuwa, yana zaune kan buzu a inuwar darbejiya, a gidansa na Surko. Ruwan safe ya ɗauke, ƙasa tana ƙamshi. Baƙuwar jikarsa ce Munawwara, mai karatun injiniya. Shahon kuwa ɗan jirgin yaƙi ne da ta ƙera da kanta, irin wanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa. Wata biyar ta yi a kansa. Gobe za ta kai shi gasa, inda alƙalai ke duba tashi, su kuma duba kamanni. Shi kuwa tsohon, shekara tara ya yi a ƙuruciyarsa yana wanke jiragen soja a Kaduna.

"Ba gaishe ka na zo yi ba, tsoho. Na zo ka ga abin da ya gagare ka. Kai wanka ka yi musu, ni haihuwa na yi."

"Miƙo jaririn."

"Da wannan hannun mai rawa? Kalla daga nan."

Ya matso da fuska, ya ƙanƙance ido.

"Waɗannan ɗige-ɗigen fa?"

"Kawunan ƙusoshi ne. Da allura na yi su ɗaya bayan ɗaya. Ga lamba, ga tuta, ga matuƙi a ciki. Kai na kwaikwaya, shi ya sa ba shi da haƙora."

"Shi ya sa ya fi jirgin kyau. Amma matata, jirgin nan ƙarya yake yi."

"Wace ƙarya?"

"Na kayan lefe ne. Bai taɓa zuwa ko'ina ba. Jirgin da ya yi aiki, daga bututun hayaƙi zuwa baya baƙi ne kamar gindin tukunya. Gindin fiffike kuma fenti a goge yake. Shiga ɗaki ki ɗauko tandun kwallin kakarki."

"Kwalli? In ya kama fentin nan ba ya fita! In ɓata aikin wata biyar don mai wanki ya yi kewar datti?"

"Ke da a hoto kika san jirgi."

"Kai da a bokiti ka san shi."

Ya nuna gindin fiffiken hagu da yatsa, bai taɓa ba.

"Nan matuƙa suke takawa su hau. Akwai wani, Aminullahi, bai girme ki ba. Kullum sai ya bar mini sawun takalmi a nan, kullum in goge, ina zaginsa a zuci. Ran da bai dawo ba, na tsaya da tsumma a hannu har azahar. Babu abin gogewa."

Ɗigon ruwa ya faɗo daga ganye ya sauka kan gilashin da ya rufe matuƙin. Munawwara ta share da gefen mayafi. Ta daɗe tana sharewa.

"Ashe akwai zuciya a ƙirjin nan. Na ɗauka goro ne ka ɓoye."

Ta shiga ɗaki, ta fito da tandun. Ta ajiye jirgin a kan buzu, ta miƙa masa tsinken kwalli, ta kau da kai kamar mai jiran allura.

Tsinken ya kusanci fenti yana karkarwa. Malam Barau ya janye.

"Hannun ya ƙi. Zan nuna miki, ki yi."

"Ragon miji! Ka sa na sato kwallin mutane, sannan ka gudu?"

Ta kama wuyan hannunsa da hannu biyu.

"Ni ce birki, kai ne sitiyari. In ka ɓata, na sake ka a gaban unguwa."

"Wa zai kwashe ki? Sassauta, ba akuya kika kama ba. Hayaƙi ba ya tafiya a miƙe, iska ce ke jan sa. Ya yi duhu a bakin bututu, ya lanƙwasa bisa fiffike, ya dusashe kafin wutsiya."

Suka ja tare. Can tsakiya hannun ya kufce, layin ya yi 'yar gargada. Shi kuwa ya sa babban yatsa ya murje wurin a hankali, baƙin ya bazu ya zama inuwa. Da ragowar da ke yatsan ya dangwala gindin fiffiken hagu sau ɗaya.

Munawwara ta tashi, ta ja da baya har bakin rijiya, ta tsaya tana kallo. Jirgin ya daina sheƙi. Ya yi kama da mai gajiya, wanda ya sha rana da nisa.

"To, alƙaliya?"

"Ya tsufa. Ya yi muni. Ya koma kai sak."

"Wato ya yi."

Dariya ta ƙwace mata. Ta dawo ta durƙusa, ta juya jirgin, ta tsoma tsinken a tandu ta sa masa a hannu.

"Ka ci, mai bokiti. Ga ɗaya gefen."