Kofin Alhaji Fanareti

Duk wanda ya zauna a Fagge a shekarun da kuɗin fetur suka fara malala ya san babu mai kishin ƙasa kamar Alhaji Tanimu Mai-leshi. Shagonsa yana Kantin Kwari, zuciyarsa tana filin ƙwallo. Bai taɓa buga ta ba, saboda tumbi da kuma mutunci, amma hakan bai hana shi naɗa wa kansa sarautar Garkuwan Ƙwallo ba. 'Yan unguwa, don sauƙaƙa wa baki, suna ce masa Alhaji Fanareti.

A lokacin gari duk ya haukace da ƙwallo. Ɗan dakon da bai karya ba sai ya manna kunne a rediyon mai shayi, ya wuni yana gardama kan wanda ya zubar da ci a Legas. Alhaji ya duba, ya gano cewa abin da talaka ya rasa shi ne kulob. Ya kafa Zakunan Fagge, ya ɗauko Sylvester, wani bakanike a Sabon Gari, ya ba shi koci. Rigunan 'yan wasa kuwa da yadin da ya ƙi sayuwa aka ɗinka su.

Saura ciyawa. Ya ga filin Turawa a talabijin, kuma ko da yake hoton baƙi da fari ne, ya tabbata kore ne shar. Sai ya sa tankar ruwa tana ban-ruwan filinsa kowace safiya. Famfunan unguwa sun daɗe da ƙafewa, ana shan rijiyoyin da ke maƙwabtaka da kwata. Mata suka riƙa bin tankar da bokitai suna tarar abin da ke ɗiga. Alhaji ya hango su daga cikin Marsandi, ya shaida wa Sylvester cewa yanzu har mata sun shiga goyon baya.

Wata tsohuwa mai ƙosai, Fanta, ta je zaurensa ta durƙusa, ta roƙi a bar tankar ta riƙa tsayawa a layinsu ko da ran Juma'a ne kawai.

"Inna, ƙasa ba ta ci gaba da bokiti," in ji Alhaji. "Ran da muka ɗauki kofi, duniya za ta san Fagge. Ku yi haƙuri da ƙishirwa, tarihi muke kafawa."

Ya sallame ta da tikitin shiga kallo.

Ana haka amai da gudawa ya shigo unguwa. Jikar Fanta tana cikin waɗanda suka fara tafiya. Alhaji ya aika da ta'aziyya, haɗe da roƙon masu ɗaukar makara su kewaye fili kada su taka ciyawa.

Abin da bai lissafa ba shi ne Zakuna ma ruwa suke sha, kuma irin na kowa. Ranar wasan ƙarshe na gasar cin kofi Sylvester ya zo ya sanar da shi cewa gola, Okechukwu, da yawancin 'yan gaba suna asibiti. Alhaji ya ce wannan zagon ƙasa ne na mahassada. To, tun kafin gasar ya riga ya sayo kofi, ƙato mai faɗin baki da hannaye biyu, an zana sunansa a jiki. Bai ga dalilin ɓarnar hoto ba. Ya ɗauki kofi da mai hoto da maroƙi, aka nufi asibiti.

Gadaje sun cika, wasu majinyatan suna kwance a tabarma har baranda. Alhaji ya tsallaka su da kyau, ya yi jawabi kan jarumta, ya gargaɗi Okechukwu cewa gola ba ya barin raga. Sannan ya miƙa kofin ga nas ɗin ɗakin, Nkechi, wadda tun safe take fama da ƙarancin kayan aiki.

"Ki ajiye shi inda marasa lafiya za su fi amfana da shi," in ji shi.

Nkechi ta duba faɗin bakin kofin, ta gwada ƙarfin hannayensa, ta yi godiya sosai. Ta tura shi ƙarƙashin gadon Okechukwu, inda fo ɗin bayan gida ya kamata ya kasance.