Garin da Na Ba Salwoyina

Bazarar bara zafin Agadas ya sa salwoyina suka rage ƙwai. Likitan dabbobi ya ba ni wani gari ƙulle a baƙar leda, ya ce yana taimaka musu narkar da abinci, in riƙa zuba cokali guda a dusa. Na ajiye a ɗakin girki.

Washegari na ɗauko leda, na ga gari kore shar. Na ce lallai, maganin zafi dole ya zo da launin sanyi. Da ƙwai ya ɗan ƙaru, sai na shiga tara maƙwabta a unguwarmu Dagmanet ina yi musu bayanin "anzim", wato sinadarin narkar da abinci, har da ɗaga yatsa.

Ran nan ina tsakiyar bayani mai ɗakina ta leƙo.

"Malam, wa ke kwashe mini kuka? Ga ledarka can, ko kwance ta ba a yi ba."

Alhaji maƙwabcina ya sansana garin, ya yi dariya har rawaninsa ya warware.

Har yau in na wuce majalisa sai wani ya ce, "Dokta, an tuƙa wa salwa tuwo, ko miya kaɗai suka sha?"